Darasin siyasa: kujerar depite da ragamar jam'iyya, daga Cheiffou Amadou zuwa Nafarko

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Filin ilimin zaman ƙasa ne daga nan birnin Maraɗi, kuma Malam ya iso. Malam, barka da zuwa, ina gajiya?

Malam: Ba gajiya ɗiyata, barka kadai. Ina gaida masu saurare na birni da na karkara, daga Madarunfa har Dakwaro.

Mai gabatarwa: Malam, tambayar da samari suka fi aiko mana ita ce wannan. Suna ganin mutum guda ya yi shekara 20 ko 30 ana jin sunansa, yau yana majalisa, gobe yana shugaban jam'iyya, gwamnati ta tafi wata ta zo, shi yana nan daram. Me ke riƙe irin waɗannan mutane?

Malam: To, madalla. Kafin mu kama sunan kowa sai mu share fage, don mu nan Maraɗi kunnenmu na jin labarin ƙetaren iyaka kullum, har wani lokaci mukan ɗauki tsarinsu mu ɗora wa namu. A Najeriya kowace jiha na da majalisar dokokinta, Katsina na da tata, Zamfara na da tata, kuma kowace mazaɓa mutum guda take turawa. Mu a Nijar, kafin juyin mulkin 2023, majalisar dokoki guda ce tak, tana Yamai. Majalisun jahohi da aka fara zaɓa a 2011 aikin raya jaha aka ba su, ba sa yin doka. Saboda haka in mun ce depite, wato ɗan majalisa, na Maraɗi, muna nufin wanda jahar Maraɗi ta tura Yamai.

Abu na biyu, ku ɗauki alƙalami ku ƙirga tare da ni. Daga 1993 zuwa 2023 an zaɓi majalisa sau 9. Ta 1993, shugaba Mahamane Ousmane ya rushe ta a watan Oktoban 1994. Ta 1995, juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara ya tafi da ita ranar 27 ga Janairun 1996. Wadda aka zaɓa a ƙarshen 1996 ta faɗi a Afrilun 1999 bayan kisan Baré. Ta 1999 ta cika shekarunta 5. Ta 2004, saura 'yan watanni ta gama, shugaba Mamadou Tandja ya rushe ta ranar 26 ga Mayun 2009. Ta Oktoban 2009 ko zama ba ta gyara ba sojoji suka zo ranar 18 ga Fabrairun 2010. Ta 2011 ta cika, ta 2016 ta cika, ta ƙarshe kuma ta tsaya ranar 26 ga Yulin 2023. Nawa ke nan suka cika wa'adi?

Mai gabatarwa: Uku ke nan, Malam.

Malam: Uku cikin tara. To kin ga ashe ba kujerar ce ke daɗar da mutum ba, tunda ita kanta kujerar ba ta daɗewa. Wanda duk kika ga ya tsallake waɗannan ramuka ya dawo, ki duba hannunsa, za ki tarar yana riƙe da jam'iyya, ko kuma yana riƙe da wani yanki na jam'iyya wanda ba a iya cin zaɓe sai da shi.

Dalilin yana cikin yadda ake rabon kujeru kafin juyin mulkin 2023. A 1993 majalisa na da kujeru 83, a 2004 aka kai 113, a 2016 aka kai 171. Cikin 171 ɗin nan, 158 ana raba su ne tsakanin jahohi 8 gwargwadon yawan jama'a, shi ya sa Damagaram da Maraɗi da Tawa suka fi kowa kaso. Kujeru 8 na mazaɓu ne na musamman da aka ware wa ƙananan al'ummu, irin Bermo a nan jaharmu, can ake kara mutum da mutum, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. Sauran 5 na 'yan ƙasa mazauna waje ne. Wato in ka cire waɗannan kaɗan, duk sauran zaɓen lis ne, na jerin 'yan takarar jam'iyya. Kai mai jefa ƙuri'a a Gidan Rumji ko Tasawa, alamar jam'iyya ka dangwala wa, ko da kuwa don ɗan garinku ka fito.

Bari in yi muku lissafi da misali na ƙage, don a gane. A ce jaha na da kujeru 10, ƙuri'un da suka inganta 100,000. Ka raba 100,000 gida 10, kowace kujera farashinta 10,000 ke nan. Jam'iyya ta farko ta samu 46,000, tana da kujeru 4. Ta biyu 31,000, kujeru 3. Ta uku 14,000, kujera 1. Ta huɗu 9,000, ba ta kai farashi ba, babu ko ɗaya. An raba 8, saura 2. Su waɗannan biyun, doka ta ce a ƙara wa kowace jam'iyya kujera guda a bisa takarda, a raba ƙuri'unta da sabon adadin, a ga wadda ta fi nauyi. Ta farko, 46,000 gida 5, ya ba da 9,200. Ta biyu, 31,000 gida 4, 7,750. Ta uku, 14,000 gida 2, 7,000. Ta huɗu tana nan da 9,000 ɗinta. Ta farko ta ɗauki kujera ta tara. A sake zagaye, yanzu ta farko 46,000 gida 6 ne, bai kai 8,000 ba, sai ta huɗu ta ɗauki kujera ta goma da 9,000 ɗinta.

Mai gabatarwa: Wato ƙaramar ma ta samu shiga.

Malam: Ta samu, kuma nan ne gizo ke saƙa. Wa kike jin zai hau wannan kujera guda? Mai jam'iyyar, ko wanda ya nuna. Sa suna cikin lis, da rabon kujerun da aka ci, duk a hannun shugabannin jam'iyya suke. Mutumin da ke da ƙuri'a 9,000 tasa ta kansa, in yana cikin babbar jam'iyya sai abin da aka yanka masa. In ya kafa tasa, shi ke yanka. Kamar ɗan kasuwa ne da ke da masu sayensa amma yana zaune a rumfar wani, ran da suka ɓata da mai rumfa sai ya kwashe kayansa ya buɗe tasa a gefe, masu saye su bi shi. Wannan ne ya sa jam'iyyunmu suka yi ta haihuwa.

To mu ɗauki ɗan jaharmu, Cheiffou Amadou. An haife shi a Kornaka a 1942. Shi ba ta hanyar gangamin siyasa ya fito ba, ma'aikacin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ne, yana aiki a Dakar, lokacin da babban taron ƙasa ya zauna a Yamai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamban 1991. Taron ya ƙwace iko daga hannun Janar Ali Saibou ya bar masa suna kawai, ya ɗora Farfesa André Salifou bisa majalisar riƙon ƙwarya, ya zaɓi Cheiffou firaminista a watan Oktoba. Waɗanda suka manyanta sun tuna wannan zamani. Baitulmali babu komai, ma'aikata na bin bashin albashi, tawaye ya tashi a arewa, kuma taron ƙasa ya riga ya ƙi shirin tsuke bakin aljihu na masu ba da bashi, don haka ƙofofin da aka saba ƙwanƙwasawa a rufe suke. A Fabrairun 1992 ƙananan sojoji suka yi bore saboda albashi har suka tsare André Salifou na ɗan lokaci. A cikin wannan matsi ne gwamnatinsa ta ƙulla hulɗa da Taiwan a 1992 don samun tallafi, abin da ya sa Sin ta janye, sai a 1996 aka koma. Ana iya sukar wannan mataki, an kuma soke shi sosai a lokacin. Amma ni abin da nake ba shi a kai shi ne, an damƙa masa ƙasa a kan ya kai ta zaɓe, ya kai ta. An amince da tsarin mulki a Disamban 1992, an yi zaɓe a farkon 1993, ya miƙa mulki a Afrilu. Ka'idar riƙon ƙwarya ta hana shi tsayawa takarar shugaban ƙasa a zaɓen, bai tsaya ba.

Daga nan ya zama jigo a CDS-Rahama, jam'iyyar Mahamane Ousmane, har ya kai mataimakin shugaba. Ita CDS, an san gidanta Damagaram ne, amma ƙafarta ta biyu Maraɗi ce. Kujeru 22 ta ci a 1993, 24 a 1995. Sai dai gida guda ba ya ɗaukar masu neman shugabancin ƙasa biyu. Saɓani ya yi tsanani tsakaninsa da Mahamane Ousmane, a Janairun 2004 ya fita ya kafa RSD-Gaskiya. Ku lura da lokacin da ya zaɓa. Shekara ce mai zaɓe uku: na ƙananan hukumomi a Yuli, na shugaban ƙasa a Nuwamba, na majalisa a Disamba. Zaɓen kwaminoni ya ba shi damar gwada nauyinsa tun kafin babbar kokawa, kuma jam'iyyar ta nuna ƙarfi, musamman a nan jahar. A zaɓen shugaban ƙasa ya zo na huɗu da kashi 6 da 'yan kai cikin ɗari. Wani zai ce ai kashi 6 ba komai ba ne. A tsarin da sai an je zagaye na biyu, kashi 6 jari ne. Tandja ya samu kusan kashi 41 a zagayen farko, Mahamadou Issoufou kusan 25, dole kowa ya nemi masu cika masa mudu. Cheiffou ya mara wa Tandja, RSD ta ci kujeru 7 cikin 113, shi kansa ya ci kujera daga Maraɗi, daga baya kuma aka ba shi shugabancin CESOC, majalisar da ke ba gwamnati shawara kan tattalin arziki da zamantakewa.

Mai gabatarwa: Malam, masu saurare za su so jin batun tazarce, don nan ne da yawa suke cewa hanyoyin mutanen biyu suka rabu ƙwarai.

Malam: Haka ne, kuma darasin ya fi daɗi in an jera su. Mahamane Ousmane, wanda magoya bayansa ke kira Nafarko, haifaffen Damagaram ne a 1950. Ya yi shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1996, sojoji suka sauke shi. A ƙasashe da yawa nan labarin mutum ke ƙarewa. Shi kuwa jam'iyyarsa na hannunsa. A 1999 ya zo na uku, ya mara wa Tandja, MNSD ta Tandja na da kujeru 38, CDS na da 17 cikin 83. Ku haɗa, 55 ke nan, rinjaye ya samu, kuma ba ya samuwa ga MNSD ita kaɗai tunda 38 bai kai rabi ba. Ladan wannan shi ne kujerar shugaban majalisa, wadda ya hau a Disamban 1999, aka sake ba shi bayan zaɓen 2004, har a 2006 ya haɗa da shugabancin majalisar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Sama da shekara 9 yana bisa wannan kujera. A ganina zaman lafiyar siyasar da aka samu a waɗannan shekaru, rabin sa daga wannan yarjejeniya ya fito: ɗaya na fada, ɗaya na majalisa, kowa ya san in ya saki ɗan'uwansa shi ma zai faɗi. Sun ga abin da zaman doya da manja na 1995 ya jawo, lokacin da Ousmane ke fada, Hama Amadou na firaminista, har ta kai taron ministoci ma ya gagara.

A 2009 Tandja ya nemi ƙarin shekara 3 ta hanyar sabon tsarin mulki. Ousmane ya ce a'a, aka rushe majalisa, CDS ta fice daga gwamnati, ta shiga sahun masu adawa. Cheiffou ya tsaya tare da Tandja. Aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, aka yi zaɓen majalisa a Oktoba wanda manyan 'yan adawa suka ƙaurace wa, RSD ta tashi daga kujeru 7 zuwa 15. A takarda wannan ne ƙololuwar jam'iyyar. Amma kujerun da aka ci a filin da abokan kokawa ba su shigo ba, ba su nuna ƙarfin kowa, kuma wata huɗu bayan zaɓen, jagoran juyin mulki Salou Djibo ya rufe majalisar. A zaɓen Janairun 2011, RSD ba ta samu kujera ko ɗaya ba.

To ka ce wanda ya ƙi tazarce ya ci riba? Ko kusa. CDS ta faɗo daga 22 da ta ci a 2004 zuwa 3. Akwai dalilin da ya shafi kowa a wannan zaɓe, kuma ya kamata 'yan Maraɗi su riƙe shi. Tsarin mulkin 2010 ya ce kashi 75 cikin ɗari na 'yan takarar kowane lis sai suna da aƙalla takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, kashi 25 kawai aka bar wa marasa ita. Jaha irin tamu, inda masu jama'a da masu dukiya da yawa Alhazai ne da suka yi karatun allo da na zaure, ba na lakwal ba, wannan sharaɗi ya takura jam'iyyu ƙwarai wajen haɗa lis. Kafin zaɓen, kotun tsarin mulki ta riƙon ƙwarya ta soke lis-lis masu yawa saboda takardun 'yan takara ba su cika ba. Shi kuwa lis in ya faɗi, da kowa yake faɗuwa, mai digiri da marar digiri, mai jama'a da marar jama'a.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni sha'awa a matsayina na mai koyarwa. Dukansu biyu, abin da ya same su daga cikin gida ya fito, kuma duka biyun daga Maraɗi. Ousmane ya goyi bayan Seini Oumarou na MNSD a zagaye na biyu na 2011, mataimakinsa Abdou Labo, ɗan wannan jaha, ya bi Issoufou ya shiga gwamnati. Aka yi shekaru ana shari'a kan wa ke da CDS, a ƙarshe ta koma hannun Labo. Mutumin da ya jagoranci jam'iyya tun kafa ta a 1991, sai ga shi a 2016 yana takara a ƙarƙashin MNRD-Hankuri. Shi kuma Cheiffou, Issoufou ya naɗa shi mai shiga tsakani na jamhuriya a 2011, wato ofishin da ke karɓar koken talaka a kan ma'aikatun gwamnati. Yana can, sai tsohon magajin garin Maraɗi, Kassoum Moctar, wanda a RSD ya tashi, ya raba gari da jam'iyyar ya kafa CPR-Inganci. A zaɓen shugaban ƙasa na 2016 yaron gidan ya fi maigidan ƙuri'a. Yadda Cheiffou ya yi wa CDS a 2004, haka aka yi masa bayan shekara 10, da lissafi iri guda.

Mai gabatarwa: Amma Nafarko ya sake dawowa, Malam.

Malam: Ya dawo, da sabuwar jam'iyya RDR-Tchanji, har ya kai zagaye na biyu da Mohamed Bazoum a Fabrairun 2021, shekara 28 bayan ya ci zaɓen farko. Kotu na iya ba wani suna da tambari da ofis, amma mutanen Damagaram da suka saba dangwala masa ba kotu ta ba shi su ba. Don haka in zan gyara maganata ta farko in ƙara mata gishiri, jam'iyya ita ce ke ba mutum ikon rabo, amma abin da ke ba shi ikon kafa wata in an ƙwace ta farko shi ne yanki da ke amsa kiransa. Ousmane na da jaha kusan sukutum. Cheiffou na da yanki a jahar da kowace babbar jam'iyya ke da nata 'ya'yan, MNSD na nan, PNDS ta Issoufou na nan, CDS na nan. Maraɗi ba ta taɓa zama ta mutum guda ba, shi ya sa 'yan siyasarta suka fi yawa a wajen cika mudu da ƙulla ƙawance.

Mai gabatarwa: Ga saƙo daga wani mai saurare a Tibiri. Yana gaida Malam, yana cewa: in dai haka ne, me ya sa depite ba ya sauya sheƙa kawai yana cikin majalisa, ya tafi da kujerarsa?

Malam: Ina amsawa, Alhaji na Tibiri, Allah ya saka da alheri. Tsarin mulkin 2010 ya toshe wannan ƙofa. Depiten da ya yi murabus daga jam'iyyarsa a tsakiyar wa'adi ya rasa kujerarsa, sufileyansa ya hau. Sufileyan shi ne mutumin da ake zaɓa tare da kai tun farko, wanda ke shiga in ka mutu, ko ka sauka, ko aka naɗa ka minista, tunda ba a haɗa minista da depite. Amma in jam'iyya ce ta kore ka, kana nan a majalisa a matsayin ɗan ba-ruwanmu har wa'adi ya ƙare. To ka ga abin da wannan ke haifarwa. Wanda ya ɓata da shugabansa ba zai rubuta takardar fita ba, sai ya zauna yana jefa ƙuri'a da ɗayan ɓangaren, yana jiran a kore shi. Shugaban kuma ba ya son korarsa don kada ya ba shi 'yanci kyauta. An ga irin haka bayan 2013, lokacin da Hama Amadou ya janye jam'iyyarsa Lumana daga gwamnati wasu ministocinta suka ƙi fita, MNSD ma ta dare gida biyu, kowane ɓangare na cewa shi ne jam'iyyar. Shi ya sa rigingimun jam'iyyunmu suka fi ƙarewa a gaban alƙali.

A halin da ake ciki, hukumomin soja sun dakatar da ayyukan jam'iyyu bayan 26 ga Yulin 2023, a Maris 2025 kuma aka rushe su baki ɗaya, don haka duk dokokin da na ambata na jamhuriya ta bakwai ne, ta tsarin mulkin 2010, da waɗanda suka gabace ta. Ɗalibai masu shirin jarrabawa, ku rubuta su da shekarunsu.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cimmana, Malam. Akwai saƙonni biyu daga Mayahi da Agye kan kason mata a cikin lis.

Malam: Wannan darasi ne mai zaman kansa, ɗiyata. Dokar ta fara a 2000 da kashi 10, aka kai 15 a 2014, aka kai 25 a 2019, kuma yadda jam'iyyu suka riƙa cika wannan kaso sai an zauna an warware. Mu bar shi mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Mai gabatarwa: Allah ya kai mu. Mun gode Malam, a sauka lafiya.